Mai Ɗaukar Hoto da Tsohuwar Majami'a

A wani ƙauye da ke kusa da gaɓar kogin Binuwai, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Numan, akwai wata majami'ar Lutheran wadda ta girme kusan dukan masu sujada a cikinta. Da jar ƙasa aka gina ta, daga baya aka yi mata yaɓen siminti, yaɓen kuma ya ɓamɓare wuri-wuri har tubali yana leƙowa. Kwanon rufinta ya yi tsatsa, gara ta ci biyu daga cikin azarorin, ƙararrawarta kuwa tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ne da aka rataye a reshen maina. Irinta suna nan da dama a ƙasar Bachama da Mbula da Lunguda, kuma duk wanda ya tashi a can ba ya manta ƙamshin cikinsu, na ƙasa mai sanyi da tsofaffin littattafan waƙa.

A makon Kirsimeti wani saurayi ya iso ƙauyen daga Legas, inda aka haife shi. Kakansa na wajen uba yana cikin waɗanda suka ɗebo ƙasar ginin nan a ka, kuma tun yana yaro yake jin labarin a bakin mahaifinsa. Ya zo da la'asar, sa'ad da hazon hunturu ya mai da hasken rana ja, riƙe da kyamara mai tsada. Ya zaga ginin, ya durƙusa, ya miƙe, ya shiga ciki. Akwai kujerun roba kamar ashirin da aka saya a bara, ya tattara su ya kai bayan ƙofa. Ya sauke kalandar Zumuntar Mata daga bango, ya janye lasifika zuwa lungu. Wata tsohuwa tana shara a gaban bagade, gama gobe akwai sujada.

"Kaka, don Allah ki ɗan matsa waje, zan ɗauki hoto."

"To, jikana. Na ɓata maka hoton ko?"

"A'a, Kaka. Ginin kawai nake so."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita, ta tsaya a inuwar maina har ya gama.

Hotunan sun yi kyau ƙwarai, wannan ba abin gardama ba ne. Haske yana zubowa ta ramukan kwano kamar zare, bencin ƙasa a jere babu kowa a kai, gicciyen katako shi kaɗai a bango. Da ya koma Legas ya sa su a Facebook, ya rubuta a ƙarƙashi cewa ga majami'ar kakanninsa, an yi watsi da ita, babu wanda ya rage a ciki sai jemagu. Jama'a suka yi ta yabo, waɗansu suka ce har sun zub da hawaye. Bayan sabuwar shekara hoton ya dawo ƙauyen ta wayar wani ɗan ƙungiyar mawaƙa, aka karanta wa dattawan ikilisiya rubutun. Ɗayansu ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Mu ne jemagun ke nan."

Ko saurayin nan ya yi laifi? Bai saci kome ba, bai fasa kome ba, kujerun ma ya mai da su wurinsu kafin ya tafi. Ƙauna ce ta kawo shi, ba raini ba. Duk abin da ke cikin hotunansa kuma gaskiya ne: tsagar bangon tana nan, tsatsar tana nan, jemagun ma suna nan. Amma mutum yana iya jera gaskiya goma ya gina ƙarya ɗaya da su, idan ya san wadda zai ɓoye a bayan ƙofa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma daidai nan nauyin mai ɗaukar hoto yake. Mai ba da labari da baki ana iya yi masa musu, a ce ya ƙara gishiri. Wanda ya nuna hoto kuwa ba a cika tuhumarsa ba, domin mai kallo yana zaton da idonsa ya gani, alhali da idon wani ya gani, wanda ya zaɓi inda zai tsaya da abin da zai bari a waje. Hoto shaida ne, mai ɗaukarsa kuma mashaidi ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk yaron da ya zauna a ajin baftisma na ikilisiyar Lutheran ya haddace dokar da ta hana shaidar zur. A lissafin Lutheran ita ce ta takwas, ko da yake 'yan'uwa na waɗansu ɗariku suna ƙirga ta ta tara. A cikin Ƙaramar Katekisma ta 1529, Martin Luther bai tsai da dokar a gaban alƙali kaɗai ba. Ya shimfiɗa ta har ta rufe ɓata sunan maƙwabci da tona masa asiri, ya kuma juya ta ta zama aiki: a kāre maƙwabci, a faɗi alheri a kansa, a fassara al'amarinsa ta fuska mafi kyau. Idan aka auna hoton Legas da wannan mudu, sai a ga inda ya gaza. Mutane kusan ɗari suna cika ɗakin nan kowace Lahadi, mata suna share shi, matasa sun tara kuɗin kujeru daga noman shinkafa, amma an shaida wa duniya cewa sun gudu sun bar gādon iyayensu. An ɓata sunan ikilisiya guda, ba tare da mugun nufi ba, ta hanyar tsintsiya ɗaya da aka ce ta matsa waje.

Abin ya fi nauyi domin majami'ar ta Lutheran ce. Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, wadda aka karanta a gaban sarkin daular Jamus a 1530, ta bayyana a sashe na 7 cewa ikilisiya taron masu bi ce, inda ake wa'azin bishara tsantsa, ake kuma ba da baftisma da Jibin Ubangiji yadda ya kamata. Ba ta ambaci katanga ko rufi ba. A 1544, sa'ad da Luther ya keɓe ɗakin sujada na fādar Torgau, abin da ya roƙa wa ginin shi ne ya zama wurin da Ubangiji yake magana da jama'a ta wurin Maganarsa, su kuma su amsa da addu'a da waƙa. Bisa ga wannan koyarwa, tsohuwar da ke tsaye a inuwar maina ta fi bangon nan zama ikilisiya. Saurayin ya yi tafiyar yini biyu domin ya ɗauki hoton ikilisiyar kakansa, ya iske ta tana shara, ya fitar da ita, ya ɗauki hoton ɗakinta.

Yana da kyau a tambaya me ya sa ya so ɗakin wayam. Akwai wata irin yunwa da ke kama mutumin birni, musamman wanda ya sami abin hannunsa. Ya gaji da siminti da gilashi da ƙarar janareta, sai ya so a ce akwai wani wuri da lokaci ya tsaya cik, inda zai riƙa zuwa ya huta da idonsa. Kujerar roba tana ɓata masa wannan mafarki, domin tana tuna masa cewa mutanen ƙauye ma suna da ciwon baya, suna kuma son abin da yake so. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ramukan kwanon da suka zubo wa baƙo haske mai kyau a watan Disamba su ne suke sa a jera kwanoni da bokitai a tsakiyar sujada a watan Agusta, su ne suka jiƙa Littafi Mai Tsarki na kan mumbari har shafukansa suka manne. Idan rashin wani ya zama adon bangon falon wani, akwai abin da ya karkace, ko da kuwa ba a iya nuna dokar ƙasa da aka karya.

Kada wani ya ɗauka daga nan cewa a ajiye kyamara ke nan. Akwai masu ganin ɗaukar hoton ɗakin sujada kansa rashin tsoron Allah ne, ko kuwa wata ƙofa ce ta bautar gumaka, amma wannan ba ra'ayin Lutheran ba ne tun asali. A farkon 1522, Luther yana ɓoye a fādar Wartburg, aka tashi farfasa siffofi da zane-zane a majami'un Wittenberg, da zugar koyarwar Andreas Karlstadt. Luther ya fito daga maɓoyarsa a watan Maris, ya yi wa'azi kwana takwas a jere, ya kwantar da tarzomar. Matsayinsa shi ne siffa ba farilla ba ce, ba kuma haram ba ce, muddin ba a yi mata sujada ba, kuma gunkin da ya kamata a fara rushewa yana cikin zuciya. Bayan shekara uku ya sāke rubutu a kan batun, ya ce siffofi suna da amfani domin tunawa da kuma shaida. Waɗannan kalmomi biyu sun isa su zama ma'aunin kowane hoto da za a ɗauka a majami'a.

Bukatar tunawar kuwa babba ce, gama abin da ake rasawa yana da yawa. Dakta Niels Bronnum, na reshen Danmak na Sudan United Mission, ya sauka a Numan a 1913, bayan ya binne matarsa a hanya. A 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa biyar na farko, a 1973 kuma Akila Todi ya zama bishop na fari. Waɗannan sunaye da shekaru suna cikin littattafai. Abin da ba ya cikin littattafai shi ne yadda bishara ta shiga ƙauye bayan ƙauye a ƙafar masu bishara da malaman aji, waɗanda suka fara da rumfar zana, sa'an nan ɗakin ciyawa, sa'an nan ginin ƙasa da jama'a suka yi da aikin gayya. Tarihin nan a bango yake, da cikin rajistar baftisma da ke akwatin ƙarfe, da kuma bakin tsofaffi, dukansu kuwa suna ƙarewa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ta narkar da gine-ginen ƙasa masu yawa a kwarin Binuwai. A 2014 an ƙone majami'u da dama a arewacin Adamawa lokacin da Boko Haram ta kama Mubi da kewayenta, a ƙarshen 2017 kuma rikici ya cinye ƙauyuka a yankin Numan. Akwai ikilisiyoyin da a yau za su ba da abu mai yawa domin su sami hoto ko ɗaya na ɗakin da aka yi wa iyayensu baftisma. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarci Joshuwa ya kafa duwatsu goma sha biyu, dalilin kuwa shi ne 'ya'ya za su yi tambaya wata rana, a sami abin nuna musu. Wanda ya ɗauki hoton tsohuwar majami'a yana iya zama mai kafa irin dutsen nan.

Sai dai dutsen Joshuwa yana tafe da amsa, hoton da ba shi da suna kuwa bebe ne. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan zamanin mishan, na kowace ɗarika, ya san wannan ciwo. Sau da yawa an rubuta sunan Baturen da ke zaune a tsakiya, na tsaye a bayansa kuwa an ce ɗalibai, ko ma'aikata, ko 'yan ƙasa. A cikinsu akwai kakan wani, wanda ya sha duka saboda bangaskiyarsa, ko ya buɗe ikilisiya biyar, amma ba mai iya nuna shi yanzu. Ana jin haushin wannan, da gaskiya kuwa. Abin mamaki shi ne jikokin waɗannan mutanen su ɗauki kyamara da hannunsu su maimaita kuskuren, har su zarce: na dā ya bar fuska ya cire suna, na yanzu ya cire duka biyun.

Maganar majami'ar gaɓar Binuwai ba ta tsaya a kan hoto ba. Dattawa sun daɗe suna shawarar rushe ginin a kafa na bulo a gurbinsa, domin ya yi wa jama'a kaɗan, bangon gabas kuma ya fara rabuwa da sauran. Da labarin ya kai birni, 'ya'yan ƙauyen da ke Abuja da Legas da Fatakwal suka tayar da murya, hoton nan ne kuma tutarsu. Suka ce ba a rushe tarihi, da tsohuwar zuma ake magani. Matasan gida suka amsa cewa masu maganar sau ɗaya suke zuwa a shekara, da rani, kuma ko buhun siminti ɗaya ba su taɓa aikowa ba.

Irin wannan rabuwa ba sabuwa ba ce. Littafin Ezra, sura 3, ya ba da labarin ranar da aka aza harsashin haikali na biyu. Jama'a suna sowa don murna, tsofaffin da suka ga haikalin fari kuwa suna kuka da ƙarfi, har ba a iya rarrabe muryoyin biyu. Marubucin bai tsauta wa kowane ɓangare ba, kuma bai kamata a yi gaggawar tsauta wa masu kukan yau ba. Wanda aka ɗaura auren iyayensa a ɗaki, aka yi wa kakansa addu'ar ƙarshe a ciki, yana da hakkin ya ji zafi idan aka kawo diga. Amma akwai bambanci ɗaya da ba a iya tsallakewa. Tsofaffin Ezra sun dawo daga Babila, suna tsaye a wurin aikin, ƙurar tana taɓa su. Kukan wanda ya dawo daban yake da kukan wanda ya zauna a Babila yana aiko da umarni.

Akwai kuma lokacin da abin tunawa yake rikiɗewa ya zama wani abu. Macijin tagulla da Musa ya ƙera a jeji da umarnin Allah aka yi shi, mutane kuma sun warke ta wurin dubansa, duk da haka sarki Hezekiya ya farfasa shi sa'ad da aka fara ƙona masa turare, Littafin Sarakuna na Biyu kuwa ya lissafta wannan cikin ayyukansa nagari. Idan an kai matsayin da za a bar yara su zauna ƙarƙashin azarar da gara ta ci domin kada hoton wani ya rasa asalinsa, turare ya fara tashi.

Saboda haka hukunci a kan gini na masu sujada a ƙarƙashinsa ne. Wannan bai mai da su masu ikon yin yadda suka ga dama ba, gama amana suka karɓa daga matattu, za su kuma miƙa ta ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ikilisiyoyi da yawa sun rushe tsohon ɗaki cikin mako guda da murna, ba su auna tsawonsa ba, ba su tambayi wanda ya aza tubalin fari ba, har allon lambobin waƙa ya zama itacen girki, sai da bikin cika shekara hamsin ko ɗari ya zo aka shiga neman abin bugawa a takarda aka rasa. Inda fili ya isa, ana iya kafa sabon gini a gefe, tsohon ya zama ajin baftisma ko ɗakin Zumuntar Mata. Amma gyaransa kuɗi ne, kuma adalci shi ne masu son a bar shi su ɗauki kaso mafi girma na nauyin. Inda ba ya tsayuwa, sai a rushe, bayan an ɗauki hotonsa ciki da waje, ranar Lahadi, cike da mutane, an kuma ɗauki hoton kowane shafi na rajista kafin gara ta gama aikinta.

A nan ne mai kyamara zai zama bawan ikilisiya. Zai fara da gaisuwa a gidan mai bishara ko fasto, ya faɗi abin da ya kawo shi da inda hotunan za su je, gama baƙo ko da ido makaho ne. Zai iya jin cewa dattawa ba sa son a baza sunan ƙauyensu da hanyar shigarsa a intanet a irin wannan zamani, suna kuma da dalilin da shi bai sani ba. Zai koyi sauke kyamara sa'ad da mutum ya durƙusa a gaban bagade domin karɓar Jibin Ubangiji, gama fuskar mai tuba a wannan lokaci ba ta kasuwa ba ce. Zai rubuta suna da shekara, ya wanke hotunan a takarda ya komar da su inda ya ɗauko su, tun da yake abin da ke cikin waya yana mutuwa tare da wayar. Kujerar roba da lasifika ma ya bar su inda ya same su. Nan da shekara hamsin su ne za su gaya wa mai kallo zamanin da aka ɗauki hoton, su kuma nuna masa cewa a lokacin akwai masu tara kuɗi saboda ɗakin.

Da damina ta yi nisa, bangon gabas ya faɗi da dare, ba kowa a ciki. Aka koma yin sujada a ƙarƙashin maina, ana ta buga bulo kaɗan-kaɗan. Kafin kaka ta shigo, tsohuwar nan mai shara ta rasu. An ce shekara arba'in da wani abu tana share ɗakin kowace Asabar, ita ce kuma ta ƙarshe cikin waɗanda suka ga ranar da aka buɗe shi. 'Ya'yanta suka so buga takardar jana'iza da hotonta a gaba, kamar yadda aka saba, aka bincika gida ba a sami mai kyau ba. Sai wani ya tuna da saurayin Legas da kyamararsa mai tsada, aka buga masa waya.

Ya zauna a daren nan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sittin da 'yan kai. A cikin guda ɗaya, wanda ya ɗauka daga wajen bagade yana fuskantar ƙofa, akwai inuwar mutum a kan dandamalin waje, da bakin tsintsiya a gefen hoton.